Angon da Kawu Ya Shafa wa Mai

Tsibirin Kiltan, watan Maris

Zuwa ga ƙanwata Mutubi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai a cibiyarku ta binciken teku. Mu nan lafiya lau. Kawu Kasmi yana gaishe ki. Idonsa dai sai a hankali, amma bakinsa yana nan yadda kika san shi. Matata Saromma ma tana gaishe ki.

Na rubuto ne saboda maganar ba ta waya ba ce, ko da wayar tsibirin nan ta ga damar shiga. Ina son in sayar da Attabi.

Na san abin da za ki ce. Jirgin gidanmu ne, Kawu ne ya sassaƙa shi da hannunsa, sunan mahaifiyarmu ne a jikinsa. Duk na sani. Amma shekara biyu ke nan kifi ya ƙi tasowa. Mu fita da sassafe, mu kamo ƙananan kifi masu rai, mu je har tudun yamma na ƙarƙashin teku, mu watsa su, mu fesa ruwa, mu tsaya da sandunan ƙugiya a hannu kamar masu jiran liman, ba abin da ke motsi. A da kifin tuna kan taso har ruwa ya yi baƙi. Yanzu ko tsuntsaye sun daina bin mu. Murhun bandar kifi na gidan su Saromma ya yi sanyi, kaji ke kwana a ciki. Mutum tara ke ci daga jirgin nan, kuma ni ne nake kallon fuskokinsu idan mun dawo.

Wani ɗan kasuwa daga wajenku can Koci yana son jirgin, zai riƙa yawo da baƙi masu zuwa kallon murjani. Ni kuma an yi mini alkawarin aiki a wani jirgin dakon kaya. Kin san dokar gida: kayan gidan uwa ba ya fita sai 'yar gida ta sa hannu, ke kaɗai kuma kika rage mana mace. Na tambayi Kawu, ya juya mini ƙeya, ya ce shi ya sauke shugabancin gida tun da idonsa ya raunana, in je in tambaye ki. Ga takardar yarda nan a ciki. Ki sa hannu ki dawo mini da ita a jirgin fasinja na gaba.

Ki huta lafiya.

Yayanki,
Nallakoya

Koci, watan Afrilu

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaishe da Kawu. A ce wa Saromma busasshen kifin da ta aiko bara ya ƙare tuni, na kasuwar nan kuwa katako ne kawai ake sayar wa mutane.

Takardarka ta iso. Ban sa hannu ba, kofin shayina nake ɗorawa a kai.

Haba Yaya! Attabi ya koma ɗaukar masu gajeren wando suna leƙen ruwa? Ka ce kifi ya tafi. Wa ya gan shi yana tafiya? Abin da kuka gani shi ne bai taso ba, shi ke nan. Ku fuskar teku kuke kallo, ni kuwa aikina ke nan shekara da shekaru, abin da ke ƙasa. Ruwan teku ba ɗaya ba ne. Na sama ɗumi gare shi, na ƙasa sanyi, kuma akwai iyaka a tsakaninsu. A bakin iyakar nan abinci ke taruwa, kifi kuma ya bi abinci. In ta matso sama, ku cika jirgi. In ta nutse, ku dawo kuna zargin juna. Matsalarmu mu a nan ita ce jirgin bincikenmu sau ɗaya yake ratsa wajenku a shekara, in ma ya ratsa. Ku kuwa kullum kuna kan ruwan.

Don haka ga ciniki. A cikin akwatin nan akwai na'ura, tsawonta bai wuce damtsenka ba. Duk inda kuka tsaya, ku ɗaura ta a igiya, ku sake ta har igiyar ta ƙare, ku jawo. Ita da kanta take auna ɗumin ruwa da gishirinsa da zurfinsa. A gindinta akwai ɗan memori. Duk sanda jirgin fasinja zai taso, ka cire shi ka aiko mini, ka sa wani, na haɗo maka da yawa. Ka ba ni daga yanzu zuwa Janairu. In na'urar ta nuna kifi ya bar mu da gaske, wallahi zan sa hannu ba sai ka sake roƙo ba. Amma ba za ta nuna ba, ka rubuta ka ajiye. Na san ruwan nan. A cikinsa ka koya mini iyo, kana riƙe da kitsona ina zaginka.

Kuma kada ka ɗauka alfarma nake maka. Mu ma muna matuƙar buƙatar awon nan, ba wanda ya taɓa auna ƙarƙashin ruwan Kiltan kullum-kullum. Ka zama ma'aikacin ƙanwarka ke nan, sai haƙuri.

Na'urar ba ta da tsirfa. A ɗauraye ta da ruwan rijiya bayan aiki, shi ke nan. Ku dai kula da ita yadda kuke kula da jirgi.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Mutubi

Kiltan, ƙarshen Mayu

Zuwa ga Mutubi,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, muna fata kina lafiya. Na yarda da cinikinki, ba don na gamsu ba, don ba ni da yadda zan yi ne. Na gaya wa mai saye ya jira.

Akwatin ya iso, a bakin gaɓa muka buɗe shi gaban kowa. Moidu, mai watsa mana ƙananan kifi, ya ɗaga na'urar ya jujjuya, ya ce, "To fa! Ashe Mutubi ta yi aure ba ta gaya mana ba? Ga ango ta aiko a kwali. Gajere ne, amma da gani ba zai ci da yawa ba." Tun daga ranar sunansa Ango. In za a sake shi a ruwa sai ka ji ana, "A kawo Ango ya yi wanka." Ni ma na gaji da gyara musu, yanzu haka nake kiransa.

Kawu ne bai yi dariya ba. Ya shafa shi da hannu daga sama har ƙasa, ya ce, "Wannan baƙo ne. Ba ya zama kusa da sanduna, ba ya zama kusa da rijiyar ƙananan kifi ta cikin jirgi." A kwando muke ajiye shi can goshin jirgi, shi kaɗai. Na ba Kawu bayaninki na iyakar ɗumi da sanyi. Ya yi tsaki, ya ce wannan ai ba labari ba ne, a zamaninsu in kifi ya ƙi tasowa aika masa dutse ake yi. A yanka kifi ƙanana, a naɗe su da ƙugiya da dutse a cikin ganye, a yi ƙulli mai kwancewa, a saki. In ya kai ƙasa a fizge igiya, ƙullin ya warware, abinci ya watse a can. Na ce to me ya sa kuka bari? Sai ya ce, "Ba mu san igiya gaba nawa za mu saki ba, ɗan nema. Yau ka dace, wata guda kana ciyar da ruwa." Ya tashi ya bar ni.

Mun sake Ango duk ranar da muka fita, ga memori nan guda biyu. Yanzu iskar damina ta taso, mun jawo jirgi tudu, mun yi masa rumfar ganyen kwakwa. Kawu ya dafa man hantar shak, ƙaton kifin nan mai haƙora, duk unguwa ta ɗauki wari, Saromma ta ce kada in shigo mata ɗaki sai na yi wanka sau biyu. Kin san shi da shafar mai. Ko da lalube yake yi, ba ya yarda wani ya karɓa. Kowane katako, kowace sanda, har ƙwaryar kwarfe ruwa sai ya bi ta. Ya ce haka aka yi tun kafin a haife shi, kuma ba a kansa za a daina ba.

Sai an buɗe ruwa bayan damina.

Yayanki,
Nallakoya

Kiltan, watan Disamba

Mutubi,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ga memori na wannan karon. Tun da aka buɗe ruwa ba jirgin fasinjan da ya tashi ban aiko miki ba, ke ma shaida ce. Na karanta amsoshinki, kullum "ka ƙara haƙuri, ina dubawa." Haƙurin ne ya kusa ƙarewa.

Mutum biyu sun bar mu, sun tafi aikin gini a babban gari. Ban hana su ba. Moidu bai tafi ba, amma ya daina barkwanci, wannan kuwa ya fi ba ni tsoro. Jiya mun yi yinin Allah a tudun yamma, abin da muka samo bai kai a raba ba, na ce su ɗauka duka. Na dawo na tarar Saromma ta dafa shinkafa da kwakwa, ba ta tambaye ni komai ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, ban iya ci ba.

Labari mai daɗi ɗaya ne. Kawu ya sauko. Tun cikin damina ya ce wanda ya yi ta nutso saboda gidan nan bai kamata a bar shi a kwando kamar maraya ba. Yanzu Ango yana kwana tare da sanduna, kuma Kawu da kansa yake masa hidima duk Juma'a, ranar da ba ma fita. Har hira yake masa. Na ji shi yana cewa, "Kai dai ka faɗa mata gaskiya."

Mai saye ya aiko cewa zai zo a jirgin Fabrairu. In bai samu takarda ba, akwai wani jirgi a wani tsibiri, zai wuce can. Janairu kika ce. Ina jira.

Yayanki,
Nallakoya

Koci, watan Janairu

Yayana,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ku duka. Wannan wasiƙar sau uku ina yaga ta.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Awon kafin damina lafiya lau yake, abin da na zata shi na gani. Amma tun da aka buɗe ruwa, gishirin ruwanku yake ta raguwa, mako bayan mako, kuma ba a sama kawai ba, har can inda igiya ta ƙare. Kowace shekara ruwa mai ƙarancin gishiri kan zagayo mana daga gabas, wannan mun sani, ɗan siriri ne a sama, ya zo ya wuce. Wannan ba siriri ba ne. Ya zauna a kan ruwanku kamar murfin tukunya, yana ƙara kauri. In haka ne, abinci ba zai taso ba, kifi zai yi nisan da Attabi ba zai iya bin sa ba, kuma ba ni da hujjar ce maka baɗi za a ga sauyi.

Abin ya ba ni mamaki har na yi zargin na'urar. Shi ya sa ranar da waya ta shiga na tambaye ka ko ya faɗi, ko ya bugu da dutse, ko an bar shi a rana. Ka ce ko jariri ba ya samun kulawar da yake samu. Jirgin bincikenmu ba zai je wajenku ba sai Afrilu, don haka ba ni da abin da zan gwada awon da shi. Abokan aikina sai murna suke, wai an gano sabon abu, a rubuta a buga. Ni kuwa banɗaki na shiga na yi kuka.

Na cika baki, na ce maka ka rubuta ka ajiye. To ga shi. Amma alkawari na yi, kuma ba zan zauna a ofis mai fanka ina riƙe da wuyan mutum bakwai saboda sunan Umma yana jikin katako ba. Ga takardar nan, na sa hannu. Da'irar da ke tsakiyarta shayi ne, mai saye ya yi haƙuri.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka kankare sunan kafin ya tafi da shi. Sannan ka dawo mini da na'urar, kayan cibiya ce. Kawu kuma kai za ka gaya masa, ni ba zan iya ba.

Ƙanwarka,
Mutubi

Kiltan, ƙarshen Janairu

Ke Mutubi,

Sallama irin ta Musulunci. Ni ne kawunki Kasmi. Ina faɗa, Saromma tana rubutawa, kuma na ce mata kada ta rage ko kalma ɗaya, in ta rage zan sani.

Na ji abin da kika yi. Yayanki ya shigo yana lallaɓa magana kamar mai kawo labarin mutuwa. Na ce masa ya fita. To 'yar nan, Allah ya yi miki albarka, ba zan ce komai ba. Hakkinki ne. Amma ki sani ranar da aka tura jirgin nan ruwa uwarki tana da cikinki, ita ta fasa kwakwa a goshinsa, kwakwar ta ƙi fashewa sai a karo na biyu, ta ce wannan jirgi da abin cikin nan taurin kansu ɗaya. Ashe ta yi kuskure a kanki. Shi ke nan, ban ce komai ba.

Ga mijinki nan mun dawo miki da shi. Ni na naɗe shi da kaina a tsohon zanena. Da farko ban so shi ba, ba zan ɓoye ba. Amma na ga yaro ne mai haƙuri, a jefa shi ya tafi, a jawo shi ya dawo, bai taɓa cewa uffan ba, ya fi rabin mutanen jirgin nan. Kika ce a kula da shi yadda ake kula da jirgi, to ban ba ki kunya ba. Abin da ba a shafa wa mai ba ai ba na jirgi ba ne. Ranar da na shafa wa Attabi na shafa masa, ya zama ɗan gida. Da na ga kullum yana cikin gishiri, jikinsa kuma duk 'yan ramuka, sai na riƙa ƙara masa duk Juma'a. Har gashin kaza nake sawa in tura man cikin ramukan, don nan ne ruwa ke fara cin abu. Ki duba ki gani, ko ɗigon tsatsa babu. Ku da injinanku ba za ku riƙe shi haka ba.

Ni dai na gama nawa. Ranar da za a tafi da jirgin ba zan fito ba, kada a zo kirana.

Kawunki,
Kasmi

Ni Saromma na ƙara wannan, bai sani ba. Kwana uku ke nan shayi kawai yake sha. Ga ɗan busasshen kifi a gefen akwatin, na maƙwabta ne, ki yi haƙuri da shi.

Koci, watan Fabrairu

Yaya! Yaya!

KADA KA SAYAR. In mai sayen yana gabanka, ka ba shi shayi ka zaunar da shi, ka gama karanta wannan tukuna. Gaisuwa tana ƙasa, yau ba ta samu gaba ba.

Na buga wayarka har yatsana ya gaji, ba ta shiga. Don haka zan ruga tashar jirgi in damƙa wa mai dafa abincin jirgin fasinja wasiƙar nan, in ce hannu da hannu, in ya ba wani Allah ya isa. Ina jin jirgi ɗaya za su shiga da mutumin naka.

Akwatin na buɗe a ofis. Innalillahi! Kafin in warware zanen, mutum biyu sun fita, ɗaya yana tambaya ko wani abu ne ya mutu a rufi. Ni kuwa ina shaƙa na ji ni a gida. Man shak! Ango yana ta ƙyalli kamar wanda za a kai ɗakin amarya. Sannan na karanta wasiƙar Kawu, na kai wajen gashin kaza, sai na zauna a ƙasa ina dariya ina hawaye, har suka ɗauka na zautu.

Ka saurara. 'Yan ramukan nan da Kawu yake ɗura wa mai, ta nan ruwa ke shiga ya taɓa abin da ke ɗanɗana gishiri. Mai ya lulluɓe shi, sai ya riƙa jin gishirin ya ragu. Duk Juma'a a ƙara mai, duk mako gishiri ya ƙara raguwa. Ban tsaya a zato ba. Kafin in wanke shi na tsoma shi a kwatarniyar gwajinmu, wadda muka san gishirinta sarai, ya ce ruwan salam ne. Na wanke shi tas na sake tsomawa, ya faɗi daidai. Babu wani murfi a kan ruwanku, Yaya. Murfin yana kan Ango ne.

Kuma laifin ba na Kawu ba ne. Ni na rubuta a kula da shi yadda ake kula da jirgi, ni da aka haifa a cikin warin man nan. Ka ce yana masa hidima duk Juma'a, na karanta na wuce, wai ni mai digiri. Na tambaye ka ko ya faɗi, ko ya bugu, ban tambaye ka ko an so shi da yawa ba.

Ga babban labarin. Abin da ke auna ɗumi da wanda ke auna zurfi ba ruwansu da mai, na gwada su a kwatarniya, lafiyarsu lau. Awonku na wata da watanni yana nan garau, ni ce gishiri ya ɗauke wa hankali ban zauna a kansa ba. Yanzu na zauna. Iyakar ɗumi da sanyi ta nutse, shi ya sa kuke watsa abinci a sama ba mai jin ku. A gabashin tsibiri ta yi zurfin da ba ruwanku da ita. Amma a tudun yamma, ta gefen da ke kallon arewa, tudun yana tura ruwan sanyi sama, iyakar tana tsayawa a wajen gaba arba'in, kuma duk ranar da kuka auna a nan take. Shekara biyu kuna shawagi a kanta da sanduna a hannu.

Ban ce na ga kifi ba, na'urar ba ta da ido. Na ce ruwan da yake so yana nan, kuma in da ni kifi ce, can za ka same ni. Manyan kifayen tuna masu rawayan fiffike ma sun fi son irin wurin.

Kawu ya ce sun bar aika dutse ne don ba su san gaba nawa za su saki ba. To ka gaya masa mijina ya ce arba'in. Shi ya san ƙullin, ni na san zurfin, kai kake da jirgi. Jirgin fasinja zai zagaya tsibiran arewa kafin ya dawo ta wajenku, ka ce wa mai saye ya jira dawowarsa. Takardar tana hannunka, ban janye ba, alkawari alkawari ne. In kun gwada ba komai, ka sayar, ba zan ƙara cewa tak ba. Amma a karo na biyu ina ce maka ka rubuta ka ajiye, kuma wannan karon na wanke hujjata da sabulu.

Ga Ango nan na dawo da shi. Ruwan rijiya kawai, don Allah, don Annabi. In hannun Kawu ya yi ƙaiƙayi, ya shafa wa akwatin.

Yanzu gaisuwa. Assalamu alaikum. A sa Kawu ya ci abinci. Saromma, Allah ya biya ki.

Mutubi

Kiltan, watan Maris

Zuwa ga ƙanwata Mutubi,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya.

Wasiƙarki da mai saye a kwalekwale ɗaya aka sauko da su. Na ba shi shayi. Na karanta wa Kawu, ya ce ƙarya ne, mai bai taɓa ɓata komai ba. Sannan ya ce a kawo masa shinkafa, a kuma tara masa duwatsu da ganye.

Ɗaukarsa muka yi muka sa a jirgi. Ranar farko ruwa muka ciyar, ƙullin ya yi ta warwarewa tun a hanya, ya ce igiyar zamani ce ba ta da mutunci. Rana ta biyu ya auna gaba arba'in da hannunsa, ya saki, ya fizge. Muna tsaye muna kallon igiya. Sai igiyar ta ƙwace, saura kaɗan ta tafi da shi, Moidu ya rungume shi ta baya yana ihu, "Tsoho, ba yau za ka yi nutso ba, wannan aikin Ango ne!" Mutum uku suka jawo kifin. Mai rawayan fiffike ne, ya kai Moidu tsawo. Ba kullum muke dacewa ba, kuma bai kai na da ba, amma Saromma ta kori kaji daga murhu.

Mai saye ya koma da ƙunshin banda. Ga naki, wannan karon na gida ne. Ga memori kuma, ki ci gaba da aikinki, mu ma muna ci gaba da namu.

Takardar da kika sa wa hannu kuwa, kada ki neme ta. Kawu ya karɓa ya ce zai ji nauyinta. Ya shafe ta da mai gaba da baya, ya manna ta a cikin goshin jirgi, bayan sunan Umma. Ya ce yanzu ta zama ta jirgi, ba mai fitar da ita.

Ki huta lafiya.

Yayanki,
Nallakoya